Ranar da Muka Kulle Shebur ɗin Kawu

Ni ce na riƙe makullin. Gara in faɗa tun yanzu, domin duk wanda ya tashi ba da labarin nan a garinmu sai ya ce “ƙungiya ce ta yanke,” kamar ƙungiya wata tsohuwa ce da ke zaune a bayan gari. Ƙungiyar ci gaban gari mu ne, mu tara, ni ce kuma sakatariya saboda ni malamar makaranta ce, na iya cike fom. Da hannuna na tura baron Kawu cikin siton makaranta, na jingine shebur da diga a bango, na danna kwaɗo.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ba mai kiransa da sunan yanka, Minista ake ce masa, wato ministan ayyuka. Tsokana ce ta bi shi har ta zama suna, shi kuma bai taɓa damuwa ba. Yana saurayi kamfanin da ya fitar da hanyarmu ya ɗauke shi lebura. Hanyar burji ce, kilomita bakwai daga bakin kwalta zuwa ƙofar makaranta, da kwalbati guda a kilomita na biyar inda rafi ya ratsa. Kamfani ya gama aikinsa, ya kwashe tifofi da gireda ya yi gaba. Ya bar wa Kawu shebur ɗaya da ba a waiwaya ba, da wata lalura da ba ta da magani: ba ya iya ganin ruwa kwance a kan hanya ya wuce.

Shekara talatin da huɗu ya yi a haka. Manomi ne kamar kowa, amma in aka kwana da ruwa, kafin ya leƙa gonarsa sai ya bi hanya tun daga makaranta har kwalta. Gajere ne, mai gwamammun ƙafafu, kullum ƙafar wandonsa ɗaya ta fi ɗaya naɗewa. Inda ruwa ya taru sai ya sara masa ’yar hanya ya gangara gefe. Rami kuwa ba ya cika shi da ƙasa kawai kamar yadda mu za mu yi. Sai ya kwashe taɓon tas, ya jera manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a sama, ya zuba marmara, sannan ya hau da ƙafa yana dirkawa kamar mai jin haushin wurin. Kwalbatin kuma bututu biyu ne na kankare, kuma Kawu ya san su fiye da ɗakin kwanansa. Yakan shiga da rarrafe ya zaƙulo kara da leda da duk abin da rafi ya kwaso.

Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa. In ka tsaya yi masa sannu sai ya ce, “Matsa, ka taka min aiki.” Iya, matarsa, ta gaji da faɗa tun ina ƙarama. Abin da ya rage mata shi ne in an zo nemansa ta ce, “Ku duba ofis,” ta nuna hanyar rafi da baki.

Mota ɗaya ce take shigowa garinmu, a-kori-kurar wani direba da ake kira Sannu-sannu, sau biyu a rana. Ita ce motar kasuwa, ita ce ta asibiti, ita take kawo allunan makaranta da takin zamani. Kowa ya san Kawu ne ya sa take iya shigowa, amma sani ne irin wanda ba a faɗa, kamar yadda ba ka gode wa katangar gidanku.

Labarin ya zo ne ta rediyo, a shirin raya karkara na ranar Lahadi da yamma. Hukumar hanyoyin karkara za ta yi wa hanyoyi huɗu kwalta da gada a yankinmu. Garuruwa goma sha ɗaya ne suka nema, har da mu, domin ni na rubuta takardar tun bara. Za a turo injiniya ya duba kowace hanya ya ba ta maki. Washegari na bi Sannu-sannu zuwa ofishinsu na karɓo takardar bayani, na zauna gaban mota ina karantawa a hanyar dawowa. A shafi na uku na ga matsalar.

Yawan jama’a yana da makinsa, makaranta da amfanin gona suna da nasu, a nan duk ba mu da matsala. Amma maki arba’in cikin ɗari na yanayin hanya ne a ranar da aka zo dubawa. Akwatuna uku ne. Hanyar da mota ba ta iya bi, arba’in. Wadda ake bi da ƙyar, ashirin da biyar. Wadda ake bi, goma. Na ɗaga kai daidai lokacin da muke hawa kwalbati, motar ta wuce sumul ko girgiza ba ta yi ba. Sauran garuruwa goman ba su da Kawu. Hanyoyinsu sun mutu tun tuni, kuma yanzu mutuwar ce za ta yi musu rana.

Muka kira taro a aji biyar. Manyan mutane suka cusa gwiwoyinsu ƙarƙashin teburan yara. Shugabanmu mai kemis ne, dattijo mai tsabta da lissafi, wanda ba ya magana sai ya goge tabarau. Na karanta musu shafi na uku sau biyu. Aka aika aka kira Kawu, ya shigo da taɓo har ƙwauri, ya tsaya bakin ƙofa don kada ya ɓata siminti.

“Minista,” in ji Shugaba, “alfarma za ka yi mana. Injiniya zai zo nan da sati biyu. Muna so ka huta.”

“Ban ce na gaji ba.”

“Ba gajiya ba ce. So muke hanyar ta nuna ainihin halinta.”

Kawu ya dube shi, ya dube ni. “Malama, me yake cewa?”

Na yi masa bayanin akwatunan nan uku a hankali, kamar yadda nake yi wa ’yan aji biyu. Ya saurara har ƙarshe, kansa a karkace.

“Wato in na gyara, mun faɗi. In na bari ta lalace, mun ci.”

“Haka takardar ta ce, Kawu.”

“Wanda ya rubuta takardar nan, ya taɓa tura mota?”

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce damina ta kankama, kuma gefen kwalbati na gabas ya fara sakin ƙasa, sati biyu ba wasa ba ne. Shugaba ya ce sati biyu ne a kan shekara talatin na wahala. Aka ɗaga hannu, tara cif, har da nawa. Da yake kowa ya san alkawarin Kawu a kan hanya ba ya wuce ruwan farko, sai aka ce a ajiye kayan aikinsa a makaranta. Bai yi gardama ba. Shi ya turo baron da kansa har ƙofar sito, ya kankare bakin shebur da tsinke kafin ya miƙo min.

Satin farko aka yi ruwa sau uku. Ban taɓa sanin hanya tana lalacewa da sauri haka ba. Ruwa ya yanka ta a wuri huɗu, ramuka suka buɗe baki, Sannu-sannu ya fara iso mana da ƙarfe sha ɗaya maimakon tara, yana zagin kowa tun daga shugaba har mai share aji. Mu kuwa murna muke. Allah ya gani, murna muke yi. Na riƙa zagayawa da waya ina ɗaukar hoton kowane rami kamar hoton jariri.

Kawu bai fasa bin hanya ba. Kullum da safe zai tafi, hannuwansa biyu a baya, ɗaya ya riƙe ɗaya gam kamar mai tsoron za su gudu. In ya kai kwalbati sai ya auna abin da ruwa ya ci da tafin ƙafarsa, ya dawo ya tsaya ta tagar ajina.

“Malama, ƙafa biyu.”

“Na ji, Kawu.”

Bayan kwana uku: “Malama, ƙafa uku da rabi.”

“Kawu, darasi nake yi.”

Iya ta same ni a gida ta ce mutumin nan ba ya cin abinci, ya kuma dami kowa. Ya toshe ramin ɓera, ya daidaita tsakar gida, ya fasa magudanar bayan gida ya sake ginawa alhali lafiyarta ƙalau. “Ku ba shi shebur ɗinsa kafin ya rushe min ɗaki,” in ji ta. Na ce saura kwana huɗu.

Ana gobe ranar zuwan injiniya aka bugo min waya daga ofishin hukumar: an ɗaga, sai Alhamis ta sama. Na tsaya riƙe da wayar a barandar makaranta. A lokacin gefen kwalbati ya zaizaye har sai Sannu-sannu ya sauke fasinja sun taka da ƙafa, shi ya lallaɓa da motar, tayar baya tana leƙen rami. Ya ce da ni, ba da wasa ba, “Malama, ranar da tayar nan ta zame, ke za ki je ki gaya wa matata.”

Ran nan Kawu bai tsaya a taga ba, ofishin malamai ya shigo, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire hula.

“’Yar ƙanwata, buhu shida na yashi kawai zan sa. Ba za a gani ba. Zan rufe da ciyawa.”

“Kawu, ni kaɗai ba ni da iko.”

“Makullin yana jakarki.”

“Sati ɗaya ne. Ka yi haƙuri.”

Ya daɗe yana juya hular. Mutumin da ya goya ni a wuya ya ƙetare da ni rafin nan ranar da zan rubuta jarrabawar fita firamare, shi ne tsaye gabana yana roƙo, ni kuma ina gyara littattafan da ba su karkace ba don kada mu haɗa ido. Na ji kunya, na kuma ji haushinsa da ya sa ni jin kunyar. Ya mayar da hularsa ya fita.

Laraba, ana gobe za su zo, da misalin ƙarfe ɗaya hadari ya haɗo daga gabas. Aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, awa biyu ba sassauci, har na tara yara a kusurwa ɗaya saboda kwanon aji yana yoyo. Ana ɗaukewa wani mai babur ya tsaya ƙofar makaranta ya ce in zo, ana nemana a kwalbati.

Na tarar da mutane sun kai arba’in. A-kori-kura tana can ƙetare, ta dawo daga kasuwa, fasinjojinta sun sauko sun yi cirko-cirko, mahaifiyata a cikinsu. Rafi ya kawo wani kututture ya gindaya a bakin bututun biyu, kara da rassa da wata tsohuwar katifa suka taru a bayansa suka toshe wurin ruf. Ruwa ya taru ja wur, yana juyi, saura kamar taƙi ɗaya ya hau kan hanya. Kawu na tsugune a ɗaya gefen yana kallon wani abu. Ya yafito ni.

“Kin ga wancan?” Wani siririn ruwa ne yake tsartowa ta jikin ƙasa, gefen bututu. “Ba ta cikin bututu yake fita ba. Ta ƙarƙashin hanya yake bi. Cikin ya fara rami. In ba a buɗe bakin ba, kafin la’asar sakaliya babu kwalbati a nan.”

Shugaba yana bayanmu da lema. Ya goge tabarau.

“A bar shi,” ya ce.

Kowa ya juyo yana kallonsa.

“A bar shi ya tafi. Gobe su zo su tsaya a can ƙetare su gani da idonsu. Arba’in cif. Wa zai ja da mu?”

Kada wani ya ce mugu ne. Mutumin nan shi ake kai wa marasa lafiya kafin mota ta zo, ya ga waɗanda suka cika a kan bencin shagonsa ana jiran Sannu-sannu. Gada yake so, irin wadda ba ta buƙatar tsoho da shebur. Kuma lissafinsa daidai ne, na san daidai ne.

Sannu-sannu ya tako ta kan hanyar, yana taka ta kamar ƙwai. “Ranka ya daɗe, ko mun ci, yaushe za a fara aikin?”

“Bayan damina,” na ce. Muryata ce ta fita ba da izinina ba.

“Wata huɗu ke nan ba mota. Mai naƙuda fa? A ka za ku ɗauko ta ku ratsa wannan?” Ya nuna ruwan. “Ni dai in ya tafi na tafi, akwai garuruwan da ke nemana.”

Gardama ta kaure, kowa na magana ba mai jin wani. Kawu ya juyo gare ni. Ya miƙo min tafin hannu kawai.

“Makulli, Malama.”

Na dubi Shugaba, Shugaba ya kau da kai. Na riƙe jakata da hannu biyu. Ban ce a’a ba, ban kuma bayar ba, kuma wannan shirun nawa har gobe yana cina.

Kawu ya sauke hannunsa. Ya taka zuwa motar, ya ciro igiyar da ake ɗaure kaya, ya tuɓe riga ya miƙa wa mahaifiyata. Ta ce, “Yaya, don Allah,” ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya ja ƙullin da haƙori, sannan ya zo ya danƙa ɗaya bakin a hannun Shugaba.

“Riƙe. In ka ga dama ka saki.”

Ya gangara. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Mutum ɗan shekara sittin da ’yan kai, ba shebur, ba diga, yana fizgar kara da hannu yana watsawa baya. Lemar Shugaba ta faɗi iska ta ja ta, bai ko kalle ta ba. Ya naɗe igiyar a hannu sau biyu ya kafe ƙafa, wasu mutum uku suka kama bayansa. Kawu ya kai ga katifar, ta sha ruwa ta yi nauyin gawa, ya ja ta ƙi. Ya ja numfashi ya nutse.

Na ƙirga a zuci, ban san me ya sa ba. Na kai sha tara. Mahaifiyata ta fasa ihu, igiyar ta miƙe ƙam, Shugaba yana cewa “Ku ja! Ku ja!” Kan Kawu ya ɓullo, ya tofar da jan ruwa, ya daka musu tsawa: “Kar ku ja! Na kusa!” Ya sake nutsewa.

Ban ga sauran ba. Na sami kaina a bayan babur ina dukan kafaɗar mai shi ina cewa ya ƙara wuta. Muna isa makaranta na buɗe kwaɗon sito. Na dawo rungume da shebur da diga, tun daga nesa na jiyo ƙara kamar ta injin niƙa: bututun biyu sun buɗe, ruwa na fita ta ɗaya gefen da ƙarfin da ƙasa ke rawa. Samari shida sun shiga sun taya shi juya kututturen. Kawu yana zaune bakin hanya an lulluɓe shi da zanin mahaifiyata, haƙoransa na haɗuwa, tafin hannunsa a tsage.

Da a nan muka tsaya, da labarin ya sha bamban. Kwalbati ya tsira, ramin gefensa yana nan, hanya duk ta yayyanke. Ko makaho zai ba mu ashirin da biyar. Amma Kawu ya ga shebur a hannuna ya miƙe. Ya ce ramin da ruwa ya ci ta ƙasa dole a cike shi yau, in aka sake ruwa ko kaɗan ne zai rufta da duk wanda ke kai. Wannan gaskiya ne, ba mai musu. Aka kawo duwatsu. Shi kuma bai iya aikin rabi ba: manya a ƙasa, ƙanana a sama, marmara, dirka. Ya tsaya yana rawar sanyi yana nuna inda kowane dutse zai zauna, wanda aka ajiye a karkace ya sa a ɗaga.

Jinin mutane ya riga ya hau. Sati uku suna kallon hanyarsu tana mutuwa suna danne zuciya, yanzu an sake su. Wani ya ce tunda baro ya iso bari a cike wancan ramin motar ta samu ta wuce. Daga wancan sai na gabansa. Mata suka juye kayan kasuwa suka riƙa ɗebo tsakuwa a kwanuka. Na ga Shugaba, da farar rigarsa, ɗauke da dutse a kafaɗa. Ni ma na ɗauka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ni da na karanta shafi na uku sau biyu a gaban jama’a.

Abin da ya ƙarasa mu shi ne washegari da sassafe. Wasu dattawan unguwar bakin kwalta, waɗanda ba sa cikin ƙungiya, suka ce ai ba zai yiwu baƙi su zo garinmu motarsu ta maƙale ba, abin kunya ne. Suka fito da fatanya suka gyara sauran wurare biyun. Haka muke. In an ce baƙo zai zo, ko da bulala ba ka hana mu shara.

Ƙarfe goma farar mota ta iso. Injiniyar mace ce, sa’ata, da takalmin roba da ƙaramar kwamfuta a hannu. Ta sa direbanta ya tsaya a kwalbati, ta sauka ta gangara, ta shafa jeren duwatsun da tafin hannu.

“Wa ya yi wannan?”

“Wani dattijo ne,” in ji Shugaba. “Yana gida, zazzaɓi ya kwantar da shi.”

“Na ga ’yan kwangilar da ba su kai shi ba.”

Na matsa kusa na buɗe wayata. Na nuna mata ramukan satin jiya, na nuna mata tayar Sannu-sannu a bakin rami, na ba ta labarin jiya ina haɗa kalmomi. Ta kalli hotunan duka, ba ta yi gaggawa ba.

“Malama, na yarda da ke. Amma duk garin da na je sai an nuna min hoto. Wani ma hoton wata ƙasa ne. Shi ya sa aka ce abin da na gani yau, da motar da na shigo da ita. Kin ga ko giya ba mu canja ba.”

“To ki dawo bayan ruwa biyu.”

“Garuruwa shida suka rage min, kuma Litinin zan miƙa.” Ta duba kwamfutar. “Akwai wurin ƙarin bayani a ƙasa. Zan rubuta duk abin da kika faɗa.”

“Yana da maki?”

“Ba shi da.”

Ta taɓa akwati na uku a gabana. Da ta yi mana wulaƙanci da na samu wanda zan tsana, amma har haƙuri ta ba mu, ta kuma ce a gaida dattijon.

Sati biyar aka yi kafin sakamako ya fito. Zazzaɓin Kawu ya sauka ƙirji, aka kai shi asibiti a motar Sannu-sannu, ta kan kwalbatin, ya kwana tara aka dawo da shi ya rame kamar ba shi ba. Ranar da aka manna takarda a allon ofis ni na je na kwafo. Mu ne na biyar. Tsakaninmu da na huɗu maki shida.

Kafin in iso gari labari ya riga ni. A ƙofar kemis na ji wani yana cewa ai dama tsohon nan taurin kai gare shi, da ya zauna a gida da yanzu ana auna mana gada. Wanda ya faɗa ɗin, da idona na gan shi yana tura baro ranar Laraba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na tuna nawa dutsen, na wuce.

Na sami Kawu kwance a tabarma a inuwar ɗakinsa, Iya tana masa fifita. Ya ga takarda a hannuna ya ce ta ba mu wuri.

“Na nawa?”

“Na biyar, Kawu.”

“Huɗu za a yi.”

“Huɗu.”

“Sai yaushe kuma?”

“Sun ce wataƙila nan da shekara biyar.”

Ya ɗaga ido sama. Numfashinsa yana fita da ƙara.

“Malama, ke kika iya lissafin. Kar ki rufe ni. Da na bar shi ya tafi, da mun ci?”

Na shirya ƙarya tun a mota, na ma gyara mata zama. Amma ya juyo ya kafe ni da ido, na kasa.

“Da mun ci, Kawu.”

Ya gyaɗa kai a hankali. “Su waɗancan garuruwan, da ba su da mai gyara musu, su za a yi wa.”

“Su.”

“Ashe duk shekarun nan ni na tare muku hanya.”

“Kawu, ba haka ba ne, wallahi ba haka—”

Ya ɗaga hannun nan mai tabo ya tsayar da ni. “In kun yi taro, ki ce Minista ya ce a yafe masa. Bai sani ba ne.”

Ya juya fuskarsa bango. Na fito na wuce Iya ban iya yi mata sallama ba, na zagaya bayan katanga na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yarinya, kukan baƙin ciki da na fushi a haɗe.

An yi taro ranar Asabar a aji biyar, mu tara. Na karanta sakamakon, na karanta makin kowane gari. Shugaba ya tambaya ko akwai wani saƙo ko ƙarin bayani kafin a tashi. Na ce babu. An yi taro goma sha huɗu tun daga ranar, kuma duk lokacin da aka tambaya, babu nake cewa.